Saura Mako Biyar Mu Tafi Indiya, An Ce a Saya wa Baba Katin Rigakafi

Wata mai karanta wannan fili ta rubuto tana cewa: "Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 68, yana fama da ciwon suga da yake yi wa allurar insulin safe da yamma, ga hawan jini, ga kuma ciwon gwiwa. Ƙanena da ke aiki a birnin Delhi na ƙasar Indiya ya gayyace shi ya je ya ga jikokinsa, kuma ni ce zan raka shi. Za mu tashi a farkon watan Oktoba, mu canja jirgi a Dubai, mu yi mako shida a can. Yanzu saura mako biyar. Ƙasarmu tana cikin waɗanda Indiya take neman shaidar rigakafin zazzaɓin shawara daga matafiyansu. Baba ya ji an ce allurar tana kwantar da tsofaffi, ya ce shi ba zai yi ba. Wani ɗan'uwanmu ya ce ya san wanda zai kawo katin da hatimi da sa hannu ba sai an yi allura ba. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, amma kuma ina tsoron in matsa wa Baba wani abu ya same shi a ce ni ce sanadi. Yaya zan yi, kuma me ya kamata in shirya domin lafiyarsa?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri bisa wannan kulawa da mahaifinki. Amsata a kan katin ba ta da wani kwana-kwana: kada ku saye shi. Sai dai kuma ba zan ce ki matsa wa Baba ya miƙa dantse ba, domin tsoron da yake ji yana da tushe, kuma hukuncin yi masa wannan allura ko barinta bai rataya a wuyanki ba, balle a wuyan ɗan'uwan nan naku. Hukunci ne na likitan da ya san jikinsa tare da ma'aikatan cibiyar da hukuma ta ba izinin yin wannan rigakafi. Aikinki shi ne ki kai shi gabansu a cikin wannan makon, domin masana lafiyar matafiya suna so a zo musu da saura mako huɗu zuwa shida, ke kuwa kina tsakiyar wannan wa'adi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya kamata ki san abin da katin yake tsaye a kansa, domin da wannan sanin ne za ki iya yi wa Baba da ɗan'uwanku bayani ba tare da gardama ba. Zazzaɓin shawara, wanda harshenmu ya ba suna ɗaya da abin da kika zo nema a wannan fili, cuta ce da sauro yake yaɗawa, kuma ana samunta a sassan Afirka da na Kudancin Amurka. Bayan cizon sauron da kwana 3 zuwa 6 sai zazzaɓi ya taso da ciwon kai da ciwon baya da amai, kuma yawancin mutane sukan warke cikin 'yan kwanaki. Amma wasu kaɗan, bayan sun ji kamar sun sami sauƙi, sai cutar ta dawo musu da ƙarfi ta kama hanta da ƙoda, idanu su yi ɗorawa, jini ya riƙa fita ta baki ko hanci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin waɗanda suka kai wannan mataki sukan rasu cikin kwana 7 zuwa 10. Har yau babu wani magani da yake kashe ƙwayar cutar bayan ta shiga jiki, abin da asibiti yake yi shi ne tallafa wa majinyaci har jikinsa ya rinjaye ta.

Indiya ba ta da wannan cuta, amma tana da irin sauron da yake ɗaukarta, tana kuma da mutane sama da biliyan ɗaya da ba su da garkuwa daga gare ta. Matafiyi guda da ya shiga da ƙwayar a jininsa, sauron gari ya cije shi ya ciji wani, ya isa ya kunna abin da ba a taɓa gani ba a nahiyar Asiya. Wannan ba zato ba ne kawai. Lokacin da annobar ta ɓarke a birnin Luwanda na Angola a watan Disamba na 2015, ta tsallaka Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, sannan a 2016 aka sami mutum 11 da suka koma ƙasar Sin daga Angola ɗauke da cutar. Shi ya sa dokar Indiya take cewa wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar ba tare da ingantacciyar shaida ba, ana iya killace shi har tsawon kwana shida. Ki kwatanta wannan a ranki: dattijo mai buƙatar insulin sau biyu a rana da abinci a kan lokaci, ya sauka a gajiye bayan doguwar tafiya, jami'i ya ɗaga katinsa ya duba lambar rukunin allurar da hatimin cibiyar ya ga ba su yi masa daidai ba. Daga nan zancen ya tashi daga rashin rigakafi ya koma gabatar da takardar jabu a bakin iyakar wata ƙasa, kuma ke da kika riƙe masa fasfo kina ciki.

Akwai wata illar da ta fi wannan daɗewa, wadda masu sayen kati ba sa tunawa da ita. A da shaidar tana aiki ne na shekara goma, amma tun ranar 11 ga Yuli, 2016, bayan gyaran da aka yi wa dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa, allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, kuma katinta ba ya mutuwa. Ma'anar wannan ita ce katin ƙarya ƙarya ce ta har abada a cikin tarihin lafiyar mutum. Duk likitan da ya gani zai ɗauka Baba yana da kariya, ba wanda zai sake yi masa tayin allurar, kuma in wata rana ya zo asibiti da zazzaɓi da idanu masu ɗorawa, katin zai iya karkatar da tunanin likita daga ainihin abin da yake damunsa. Tun da kin ce ƙasarku tana cikin masu fama da cutar, haɗarin yana gida, can inda Baba zai dawo ya ci gaba da zama.

Wannan gyaran na 2016 yana iya zama mafita a gare ku, don haka kafin komai ki tambayi Baba ko an taɓa yi masa allurar. Mutumin da ya kai shekara 68 yana iya yiwuwa ya yi wata tafiya shekaru ashirin ko talatin da suka wuce. Ki bincika akwatin da yake ajiye tsofaffin takardu, ki duba cikin tsoffin fasfo, domin a nan ake yawan samun katin a maƙale. In kin same shi da sunansa da kwanan wata da hatimi, yana nan da ƙarfinsa ko da an rubuta a jikinsa cewa wa'adinsa ya ƙare. In an yi allurar amma katin ya ɓata, a koma cibiyar da ta yi masa a nemi su duba rajistarsu.

In kuwa ba a taɓa yi masa ba, to a nan ne maganarsa take da nauyi. Wannan rigakafi, wanda Max Theiler ya samar a 1937 har ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1951, ana yin sa ne da ƙwayar cutar mai rai da aka raunana. Yana daga cikin rigakafi mafi ƙarfi da aka taɓa yi, domin sama da kashi 99 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa suna samun kariya cikin kwana 30, kuma abin da akasari yake biyo bayansa bai wuce ɗan zazzaɓi da ciwon jiki na kwana biyu ko uku ba. Amma a wasu mutane 'yan ƙalilan ƙwarai, kuma kusan kullum a allurar farko, ƙwayar takan yi galaba ta taɓa ƙwaƙwalwa ko kayan ciki, kuma an tabbatar wannan ya fi faruwa ga waɗanda suka haura shekara 60. Saboda haka ne ba a hana tsofaffi allurar, ba a kuma yi musu ita da ka, sai an auna. Likita zai tambaya ko Baba yana da matsalar da cin ƙwai yake tayar masa mai tsanani, ko an taɓa yi masa aiki a ƙirji aka cire wata 'yar gaɓa da ake kira taimus, ko yana shan maganin da yake rage garkuwar jiki, irin na ciwon daji ko sitiroyid mai yawa na dogon lokaci. Wannan na ƙarshen ki kula da shi sosai, domin masu ciwon gwiwa sukan sha magunguna barkatai da ba su san abin da ke cikinsu ba. Ki kwashe duk abin da yake sha, har wanda ya saya da kansa, ki zuba a jaka ki kai wa likita ya gani da idonsa. Ciwon suga da hawan jini su kaɗai ba sa hana wannan allura.

In likita ya auna ya ga allurar ba ta dace da shi ba, doka ta tanadi halastacciyar hanya, wato takardar uzuri ta likita mai hatimin cibiyar rigakafi, wadda take bayyana dalilin da ya sa ba a yi ba. Kada ki ɗauke ta a matsayin mabuɗin da yake buɗe kowace ƙofa, domin dokokin sun bar wa ƙasar da ake shiga damar killace mai ita duk da haka. Don haka ki rubuta wa ofishin jakadancin Indiya ki tambayi abin da za a yi da matafiyi mai irin wannan takarda, ki nemi amsar a rubuce, ƙanenki ma ya bincika daga can. In amsar ta nuna killacewa ce, gara iyali su zauna su sake shawara, ko jikokin su zo su ga kakansu. In kuma an yanke a yi allurar, shaidar ba ta fara aiki sai bayan kwana 10, kuma ni zan fi so a yi ta da wuri, yadda in wani abu ya taso zai taso yana kusa da likitansa.

A wannan zama da likita sai a duba sauran alluran gaba ɗaya. Ki tambayi ofishin jakadancin batun shan inna tun a wasiƙar farko, domin Indiya, wadda aka tabbatar ta rabu da cutar a 2014, ta sanya wa matafiya daga wasu ƙasashe sharaɗin ɗigon rigakafi aƙalla mako huɗu kafin tafiya, kuma jerin ƙasashen yakan canja. In taku tana ciki, kwanaki kaɗan ne suka rage muku. Allurar taifot tana da muhimmanci domin Kudancin Asiya na cikin wuraren da cutar ta fi yawa kuma ta fi bijire wa magani, ana so a yi ta da saura mako biyu, kuma kariyarta ba cikakkiya ba ce. Ciwon hanta nau'in A ta abinci da ruwa yake shiga, kuma likita yana iya gwada jini ya ga ko kuna da garkuwa tun yarinta. Ga mai shekarun Baba da ciwon suga, allurar mura ta shekara-shekara da ta ciwon huhu sun fi yawancin waɗannan amfani, sai ta tetanos in an haura shekara goma ba a sabunta ba. Alluran da ke ɗauke da ƙwaya mai rai, kamar ta shawara da ta ƙyanda, ana yin su rana ɗaya ko a raba tsakaninsu da mako huɗu, wanda shi ma dalili ne na rashin jinkiri.

Na lura a duk wasiƙarki ba ki ambaci kanki ba ko sau ɗaya. Ke ma ana neman katin nan daga gare ki, kuma in kina da juna biyu ko kina shayar da jariri, ki faɗa wa likita kafin a yi miki allurar shawara, domin hukuncin ya bambanta. In kika kwanta a Delhi, wanda kika je kula da shi ya rasa mai kula da shi.

Yanzu bari in zo ga abin da a ganina ya fi sauro da kati zama barazana ga Baba a wannan tafiya, wato ciwon da zai tafi da shi daga gida. Ki nemi likita ya rubuta takarda da Turanci mai ɗauke da cututtukansa da sunayen magungunansa na asali, ba sunan kamfani kawai ba, domin magani ɗaya yakan canja suna daga ƙasa zuwa ƙasa. Ki ɗauki insulin da sirinji da tsinken gwajin suga da za su wuce mako shida da kamar mako biyu, ki raba su biyu, rabi a jakar hannunki rabi a ta Baba. Kada ko kwalba ɗaya ta shiga akwatin da za a auna a saka a cikin jirgi, domin akwati yakan ɓata, kuma sanyin wurin kaya yana iya daskarar da insulin, wanda in ya daskare ya lalace ko da ya narke ya koma kamar lafiyarsa ƙalau. Ki saka shi a ƙaramar jaka mai riƙe sanyi, ki naɗe ƙanƙarar da tsumma kada ta taɓa kwalbar. Masu bincike a filin jirgi suna barin magani ya wuce in an nuna musu shi da takardar likita. Yawancin nau'o'in insulin, in an fara amfani da kwalba, suna kai kimanin kwana 28 a ɗaki matuƙar zafi bai kai digiri 30 ba, sauran kuma a firiji.

Akwai wani tarko da ya shafi Indiya musamman. A ƙasashe da yawa insulin mai ƙarfin U-100 ne kawai a kasuwa, amma a Indiya ana sayar da U-40 tare da shi, kuma kowanne da sirinjinsa. In sirinjin Baba ya ƙare, ƙanenki ya shiga kantin magani ya sayo na U-40, aka zuƙi insulin U-100 da shi har zuwa layin da aka saba, to abin da ya shiga jikinsa ya ninka na kullum sau biyu da rabi. Wanda yake yin 10 ya yi 25 ke nan bai sani ba, kuma wannan yana iya sumar da mutum. In aka juya, aka zuƙi U-40 da sirinjin U-100, abin da zai samu bai kai rabin buƙatarsa ba. Ki duba jikin kwalbarsa yau ki ga lambar da aka rubuta, ki nuna wa ƙanenki, kuma duk abin da za a saya a can a karanta lambar kwalba da ta sirinji a tabbatar sun zo ɗaya. Haka ma na'urar gwaji: Indiya tana auna suga da mg/dL, wasu ƙasashe da mmol/L, kuma ana ninka na biyun sau 18 a sami na farkon, wato 7 a wannan shi ne 126 a wancan.

Tafiya gabas tana gajarta yini. Agogon Indiya yana gaban na Landan na lokacin sanyi da awa biyar da rabi, don haka ranar tafiyarku allurar yamma da ta safe za su matso kusa da juna fiye da yadda jikinsa ya saba. Ki kai wa likita tikitin da lokutan tashi da sauka, ya rubuta miki lokacin kowace allura da adadinta na zuwa da na dawowa. A cikin jirgi kada Baba ya yi allurar da ake yi kafin abinci sai faranti ya sauka a gabansa, domin rabon abinci yakan tsaya in iska ta hargitse. Ki ajiye sukari ko alewa a aljihun rigarki, ba a jakar da ke sama ba. In kin ga yana gumi, hannunsa na rawa, ko maganarsa ta fara rikicewa, ki gwada, in suga ya yi ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL ki ba shi cokalin shayi uku zuwa huɗu na sukari a ruwa, ki sake gwadawa bayan minti 15. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kira ma'aikatan jirgi.

Ciwon gwiwar nan ya sa dole in yi maganar Dubai. In cikin magungunansa akwai tiramadol ko kodin, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana ɗaukarsu a matsayin magungunan da doka ta tsaurara a kansu, sai da takardar likita, wasu ma sai an nemi izini kafin a taso, kuma Indiya ita ma ta shigar da tiramadol ƙarƙashin dokar miyagun ƙwayoyi a 2018. Kowane magani ya zauna a kwalinsa na asali, kada a juye su a leda ɗaya, kuma in likita zai iya musanya waɗannan da wani abu na tsawon tafiyar, ya fi sauƙi. Kada kuma ki karɓi saƙon magani daga kowa domin ki kai wa wani. Zama na fiye da awa huɗu wuri ɗaya yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, don haka ki nema masa kujerar gefen hanya, ya riƙa tashi yana ɗan takawa, yana motsa idon sawu, yana shan ruwa. Kumburi da ciwo a ƙafa ɗaya, ko sarƙewar numfashi kwatsam, ko da bayan an sauka da kwanaki, maganar asibiti ce nan take.

Watan da kuka zaɓa yana da nasa halin. Damina a Delhi takan ɗauke a watan Satumba, kuma daga nan har Nuwamba ne zazzaɓin dengi ya fi ƙamari. Sauron da yake yaɗa shi da rana yake cizo, musamman da hantsi da la'asar, kuma a ruwan da ya kwanta a tukwanen furanni da bokitai yake hayayyafa, don haka gidan sauro na dare kaɗai bai wadatar ba. Ku shafa maganin korar sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 50 a inda tufafi ba su rufe ba, ku sa riguna masu dogon hannu. In zazzaɓi ya zo, a sha farasitamol a tafi asibiti a gwada jini, a guji ibufurofen da danginsa domin suna ƙara zubar jini, in kuma Baba yana kan asfirin na kullum a sanar da likita nan da nan. Maleriya ba ta da yawa a cikin Delhi in aka kwatanta da jihohi irin su Odisha da Chhattisgarh da Jharkhand, don haka ki faɗa wa likita ko za ku fita wani gari, shi zai yanke ko ana buƙatar maganin kariya. Daga ƙarshen Oktoba kuma iskar birnin takan ɓaci ƙwarai, saboda ƙona karan gonaki a jihohin Punjab da Haryana da hayaƙin motoci da sanyin da yake danne hayaƙin ƙasa. Mai hawan jini ya rage fita a irin waɗannan ranaku, in ya zama dole ya sa takunkumi nau'in N95.

Gudawa ita ce cutar da ta fi kama matafiya, kuma ga mai ciwon suga ba ƙaramar magana ba ce. Ku sha ruwan kwalba da ba a ɓalle murfinsa ba ko wanda aka tafasa na minti ɗaya, ku bar ƙanƙara, ku ci abinci da zafinsa, 'ya'yan itace kuma wanda kuka ɓare da hannunku bayan kun wanke shi da sabulu. Ki tafi da ƙunshin gishirin maye ruwan jiki na asibiti. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da cokalin shayi shida na sukari a shafe da rabin cokali na gishiri, kuma kada sukarin ya tsorata ki, rashin ruwa a jiki ya fi shi haɗari, sai dai a yawaita gwaji. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a daina insulin gaba ɗaya saboda majinyaci ba ya cin abinci, alhali rashin lafiya takan ɗaga suga. A gefe guda kuma, metfomin da wasu magungunan hawan jini, musamman masu sa fitsari, suna iya cutar da ƙoda in jiki ya bushe. Ki sa likita ya rubuta miki wanda za a dakatar da wanda za a ci gaba da shi a ranar da gudawa ko amai suka zo. Jini a bayan gida, zazzaɓi, ko amai da ya hana ruwa zama, duk na asibiti ne.

Kare ko biri, waɗanda duka suna yawo a unguwannin Delhi, in suka ciji mutum ko suka yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 a tafi asibiti a ranar, domin cutar haukan kare in ta bayyana ba a tsira. A Indiya ta hannun hagu ake tuƙi, don haka ki riƙe hannun Baba wajen tsallaka titi, ku kuma ɗaura bel a mota. Kada ya tafi da sabon takalmi, kuma ki duba tafin ƙafarsa kowane dare. Lambar neman agajin gaggawa a ƙasar ita ce 112. Wajen inshorar tafiya kuma, ki bayyana ciwon suga da hawan jini a fili, domin kamfani yakan ƙi biya in ya gano an ɓoye tsohon ciwo, ki kuma tabbatar ta haɗa da kwanciya asibiti da dawo da majinyaci gida.

Da Baba kuwa, kada ki fara da cewa dole ne. Ki ce masa kin bincika kin ga maganarsa tana da gaskiya a ciki, kuma saboda haka ne kike so likitansa ya duba shi ya faɗi nasa, in ya ce kada a yi to ba za a yi ba. Dattijo yakan fi sauraron wanda ya fara girmama tsoronsa, kuma in ƙanenki ya kira shi ya faɗi irin wannan, nauyin ya sauka daga kanki ke kaɗai. Ɗan'uwan naku ki gode masa, ki ce kun riga kun kama hanyar asibiti, ba sai kin yi masa wa'azi ba.

Bayan kun dawo, duk zazzaɓin da ya kama ɗayanku a cikin watannin farko, ku je a gwada jini, kuma ku fara da gaya wa likita ƙasar da kuka je da ranar da kuka dawo, domin dengi da taifot da maleriya duka suna iya fara nuna kansu bayan an iso gida, kuma akwai nau'in maleriya a Indiya da yake laɓewa a hanta ya taso bayan watanni. Katin kuma, in an yi shi ta hanyarsa, ki ɗauki hotonsa a waya ki ajiye shi tare da fasfo. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.